Cadillac, Lincoln ko Imperial: wacce zan saya in iya riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, kuma ina da motar zuwa aiki. Na tara kimanin dala 20,000, ina so in sayi tsohuwar motar alfarma ta Amurka, irin manyan nan na da. Uku nake dubawa: Lincoln Continental ta 1965, Imperial Crown ta 1967, da Cadillac Sedan DeVille ta 1970. Lincoln ɗin ce ta fi kwanta mini a rai. Ban iya gyara ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wacce za ka ba ni shawara? Kuma in wata rana na so kai ta gida Kano, zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga mutumin da bai iya gyara ba, kuma kuɗinsa dala 20,000 ne, Cadillac ta 1970 ce ta dace, da sharaɗin jikinta babu tsatsa. In kuwa ita ce mai tsatsar, Lincoln ɗin kuma lafiyayya, to amsar ta juya. Na daɗe ina kwance waɗannan motoci ina ɗaurawa, kuma abin da nake gani kullum shi ne ba injin ke kayar da mai tsohuwar motar alfarma ba. Jikin motar ne ke kayar da shi, sai kuma ƙananan kayan jin daɗin da suka sa tun farko aka kira ta ta alfarma: gilashin da ke hawa da sauka da kansa, kujerar lantarki, na'urar sanyi mai daidaita kanta, makullan ƙofa, da ƙarafan ado masu walƙiya. Da waɗannan za ka gwada motocin uku, ba da ƙarfin doki ba.

Bari in sallami maganar injin da wuri, don ba ta da tsawo. Duka ukun silinda takwas ne, na zubin baƙin ƙarfe, manya masu juyawa a hankali. Amurkawa da inci suke auna girman injin, shi ya sa za ka ji ana cewa Cadillac ɗin 472 ce, wato lita 7.7, Imperial 440, lita 7.2, Lincoln 430, lita 7.0. Babu wanda ba zai yi maka doguwar hidima ba in ana canza masa baƙin mai kuma ba a bar shi ya yi zafi ba. Bambancin yana wajen kayan gyara. Injin 440 Chrysler ta zuba shi a motocin Dodge da Plymouth da manyan motoci barkatai, don haka kayansa ko'ina akwai, haka ma giyarsa TorqueFlite. Giyar Cadillac, Turbo Hydra-Matic 400, ta yi ingancin da har kamfanin Rolls-Royce ya riƙa sayenta yana sa wa motocinsa, kuma da wuya ka shiga garejin gyaran giya a Amurka a ce ba a san ta ba. Injin Lincoln ne ɗan gata: 430 ya tsaya daga 1965, bai yaɗu a sauran motocin Ford ba, kuma giyar da ke bayansa tsohon yayi ce, don sai 1966 aka kawo sabuwar giyar Ford, C6, da kowane bakanike ya sani. Ana samun kayansa, amma a hannun 'yan kasuwa ƙalilan, da farashin da suka ga dama.

Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe, don shi ke bayyana kusan komai. A 1965 Cadillac ta ƙera motoci sama da 180,000. Lincoln ta ƙera kimanin 40,000. Imperial ba ta kai 20,000 ba. Zuwa 1970 Cadillac ta haura 200,000 a shekara. Motar da aka yi da yawa, gawarwakinta ma suna da yawa a filayen kwance motoci, masu ƙera sabbin robobi da fitilu suna samun kasuwa a kanta, kuma bakaniken da ya taɓa taɓa ta ba ya wuyar samu. Ranar da wani ya goge maka fitilar baya a wurin ajiye motoci, ranar za ka gane amfanin wannan lissafi.

To, mu zo kan wadda ta kwanta maka a rai. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. A ganina, cikin duk motocin da Amurka ta ƙera bayan yaƙin duniya na biyu, kaɗan ne suka kai Continental ta 1961 zuwa 1965 kyan ƙira. Ta fito ne a lokacin da kowa ke gasar fukafukai a bayan mota, Cadillac ta 1959 ta kai abin ƙarshe, sai ga Elwood Engel da mutanensa a Ford sun fitar da mota mai miƙaƙƙen gefe, babu tarkacen ado, ƙofofin baya suna buɗewa ta baya, ta yadda in an buɗe na gaba da na baya tare sai ka ga kamar an buɗe maka zaure. Irinta ce, wadda aka tsawaita, Shugaba Kennedy yake ciki da aka harbe shi a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Wannan tarihi da wannan kyau su ne suka sa farashinta ya fi na sauran biyun, kuma ita ce ta fi riƙe daraja in ka tashi sayarwa.

Sai dai ƙirarta ta ciki tana neman mai haƙuri. Na farko, bodi da shasi a haɗe suke, ƙira ɗaya. Cadillac ɗinka kuwa bodi daban, shasi daban, ana iya ɗaga wannan a gyara wancan. A Lincoln tsatsar da ta ci ƙasan ƙofofi ko inda sifirin baya ke kamawa ta ci ƙashin motar ne, kuma aikin walda a irin wannan wuri a Amurka yana iya cinye rabin kuɗinka. Na biyu, injiniyoyin Lincoln sun yi wasu dabaru da ba kowa ya bi su ba. Famfon sitiyari ba fanbel ke juya shi ba, a kan bakin karanshaf yake zaune, don haka in ya fara yoyo sai an kwance gaban injin. Waifa ma ba da lantarki take aiki ba, da matsin man sitiyarin take tafiya. Makullan ƙofa da ƙofofin iskar hita duk suna aiki ne da zuƙar iskar injin ta cikin siraran tiyo na roba, waɗanda yanzu sun shekara sittin suna bushewa. Ɗaya ya tsage a bayan dashbod, sai ka rasa sanyi, injin kuma ya riƙa rawa a tsaye, bakaniken da bai san motar ba ya yi ta ɓata lokaci a kan kafireto. Makunnan gilashi kuma su ne ciwon kowane mai Lincoln na wannan zamani. Ana gyara su, amma ba a arha ba.

In wadda ka gani mai buɗaɗɗen sama ce, to da kuɗin da ka ambata ka bar ta kawai. Rufinta yana naɗewa ne ya shige but gaba ɗaya, murfin but ɗin yana buɗewa ta baya, kuma duk wannan aiki jerin rile da makunnai da silindojin mai ne ke yin sa ɗaya bayan ɗaya, dabarar da Ford ta gado daga motarta Skyliner ta 1957 zuwa 1959. Ɗaya ya ƙi aiki, komai ya tsaya a inda yake, wani lokaci rufi a tsaye tsakiyar hanya. Lafiyayyarta ta fi ƙarfin dala 20,000 nesa, wadda kuma za a ba ka a wannan farashi kyan ɗan maciji ce.

Imperial kuwa ita ce wadda mutane suka fi rainawa, kuma ita ce na fi jin daɗin tuƙawa cikin ukun. Daga 1955 zuwa 1975 Chrysler ta tsayar da ita a matsayin suna mai zaman kansa don ta kara da Cadillac da Lincoln, kasuwa ba ta taɓa karɓarta yadda ta cancanta ba. Gabanta ba sifirin naɗi ne ke ɗauke da shi ba, dogayen sandunan ƙarfe ne masu murɗewa, shi ya sa a kwana ba ta kwanciya kamar sauran. Engel ɗin da ya zana Lincoln ya koma Chrysler a 1961, don haka in ka lura za ka ga jinin Continental a Imperial ta 1964 zuwa sama. Na 1964 zuwa 1966 shasinsu ya yi ƙarfin da wurare da yawa suka hana shiga da su gasar karon motoci da ake yi a bukukuwan karkarar Amurka. Ta 1967 da kake dubawa ita ce shekarar farko da aka koma bodi da shasi a haɗe. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: duk abin da ba injin ko giya ba, samunsa wahala ne. Birkin faifai na gaba, ƙirar kamfanin Budd da aka sa mata daga 1967 zuwa 1969, faifansa ya yi ƙaranci ƙwarai, masu motar da yawa sai sun canza tsarin birkin gaba ɗaya. Ƙarafan ado, gilashin fitila, allon makunnan ƙofa, waɗannan sai dai ka jira wani ya kwance tasa. In ka samu Imperial cikakkiya, babu abin da ya ɓace a jikinta, birkinta an riga an yi masa aiki da rasit a hannu, to za ka same ta a farashin da ya fi na sauran sauƙi, kuma ba zan hana ka ba. In ko da abu uku sun ɓace a jikinta, wuce.

Cadillac ta 1968 zuwa 1970 ta faɗo ne a daidai gaɓar da komai ya haɗu. Injin 472 sabo ne a 1968, an ƙera shi tun farko da tunanin zai ja na'urar sanyi da sauran kaya, kuma dokokin hayaƙi ba su riga sun rage masa ƙarfi ba. A 1970 ƙarfinsa doki 375 ne bisa ma'aunin wancan lokaci. Birkin faifai a gaba ya zama na dole a kowace Cadillac daga 1969. Mastan birki mai layi biyu, wanda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai tsayar da kai, Cadillac ta fara sa shi tun 1962, alhali Lincoln ta 1965 layi ɗaya gare ta. Ta 1970 tana da bel na kafaɗa a gaba, da matashin kai a kujera, da sandar sitiyari mai lotsawa in an yi karo. Lincoln ta 1965 ba ta da ko ɗaya cikin ukun. In za ka riƙa ɗaukar iyali ranar Lahadi, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kodayake ina so ka sani babu ɗaya cikinsu da ta kai motar zuwa aikinka tsaro.

Ita ma tana da nata. Haƙoran giyar sarƙar tayimin an lulluɓe su da roba mai tauri don rage ƙara; in sun tsufa sai su farfashe, gutsattsarin su toshe matatar famfon baƙin mai. Wannan ciwo ne na injinan Amurka da yawa na wannan zamani, har da na Lincoln. In mai motar ba shi da shaidar an canza, ka sa shi cikin aikin farko. Na'urar sanyi mai daidaita kanta, wadda Cadillac ta fara kawowa a 1964, ita ma da tiyon iska take aiki, kuma iskar gas ɗin da aka yi ta da ita, R-12, an daina ƙera ta a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, shi ya sa galibi ake juya tsarin zuwa sabuwar iskar gas, R-134a. A zafin Houston ba ka da zaɓi, dole ta yi aiki. Sannan yawancinsu suna da rufin leda, wanda ke riƙe ruwa a ƙarƙashinsa. Ka bi shi da tafin hannu, musamman kewayen gilashin baya. In ka ji ƙuraje ko wani abu na ƙaras-ƙaras, ƙarfen ya ruɓe.

Tun da kana cikin nema, wataƙila a nuna maka Cadillac na wasu shekarun. Na 1971 zuwa 1976 sun fi girma, samfurin Fleetwood ya kusa mita 6, amma ƙarfi ya ragu: injin 500, lita 8.2, da aka rubuta masa doki 400 a Cadillac Eldorado ta 1970, ya koma 190 a 1976, wani ɓangare saboda an canza ma'auni a 1972, wani ɓangare saboda an rage matsin injin. Robobin da ke tsakanin bamba da bodi a na tsakiyar shekarun 1970 suna ruguzawa da kansu, amma ana ƙera sababbi. Na 1977 zuwa 1979, bayan an rage musu jiki, masu injin 425, motoci ne nagari ƙwarai kuma har yanzu da sauƙin kuɗi. Waɗanda zan ce ka guje su ne injin V8-6-4 na 1981, da injin HT4100 da ya biyo baya daga 1982, da mai shan dizal na Oldsmobile.

Yanzu yadda za ka duba. Kada ka yi cinikin biri a sama. Hotunan intanet, ko a Facebook ko a Hemmings ko a Bring a Trailer, ba sa nuna ƙasan mota, kuma sabon fenti mai sheƙi a kan mota mai arha abin tsoro ne. Ka je da kanka, ka biya wani gareji su ɗaga ta sama, ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka riƙe ɗan mayen ƙarfe ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa. Ka ɗaga shimfiɗar but da kafet ɗin ƙafar direba. Ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta: jihohin arewa irin su Michigan da Ohio da New York suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe, motar Arizona ko cikin California ko yammacin Texas kuwa rana ce kawai ta ƙone mata kujeru da dashbod. Kujera ana ɗinka ta, ruɓaɓɓen shasi kuwa sai dai haƙuri. A yankinku kuma akwai ambaliya, don haka ka shinshina cikinta, ka leƙa bayan dashbod ko akwai busasshen laka. Ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso, kana so ka ji yadda yake tashi da sanyi, ka ga launin hayaƙin farko. Daga nan ka zauna ka danna kowane makunni ɗaya bayan ɗaya, gilashi huɗu, kujera ta kowace fuska, eriya, makullai, hita, sanyi. Duk wanda mai motar ya ce "ɗan fiyus ne kawai", ka ɗauka ba fiyus ba ne, don da shi ne da ya canza.

Mitar nisan tafiya lamba biyar ce, tana komawa sifili bayan mil 100,000, don haka 40,000 da ka gani tana iya zama 140,000. Robar fedar birki da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Lambar shasi mai harafi 17 sai 1981 ta fara, don haka kamfanonin da ke ba da tarihin mota ba su da abin da za su gaya maka a kan waɗannan. Ka gwada lambar da ke jikin motar da ta takardar mallaka harafi da harafi, kuma takardar ta kasance da sunan wanda ke sayar maka.

Kuɗin kuma kada ka zuba shi duka a saye. Ka tsaya a wajen dala 14,000 ko 15,000, ka ajiye sauran don watannin farko, ko da an ce motar ba ta da matsala. Tayoyi da farko: akwai lamba huɗu a gefen kowace taya mai nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta shekara goma ta mutu ko da zanenta sabo ne. Sai tiyon birki da mastansa, in Lincoln ce a mayar da shi mai layi biyu. Sai tiyon fetur, domin man Amurka yanzu da sinadarin ethanol a ciki, yana cin tsohuwar roba, kuma yoyon fetur a kan injin mai zafi shi ke ƙone irin waɗannan motoci. Ka ajiye abin kashe gobara a ciki. Sai lagireto da famfon ruwa da fanbel. Baƙin mai kuma ka nemi mai yawan zinc da ake yi don tsofaffin injina, saboda kamshaf ɗinsu. Ka sayi littafin gyara na kamfanin na shekarar motarka, kuma ka shiga ƙungiyar masu irinta, Cadillac & LaSalle Club ko Lincoln & Continental Owners Club; dattawan da ke ciki sun san wanda ke gyara kowane ƙaramin abu. Inshorar tsofaffin motoci, wadda kuke yarjejeniya kan darajar motar tun farko, ba ta da tsada, amma galibi suna so ka kasance da motar yau da kullum da kuma gareji mai rufewa. Ka auna garejin kafin ka biya: Cadillac da Imperial kowacce ta kai mita 5.7, Lincoln mita 5.5. Shan mai kuwa, ka lissafa kilomita 4 zuwa 5 a lita ɗaya, kuma duka ukun mai tsada suke so saboda matsin injinsu.

Maganar Kano. Sitiyari ba matsala ba ne, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar Amurka. Busasshiyar iskar arewa tana yi wa ƙarfe daɗi, bakanikenmu sun san kafireto sarai, masu gyaran bodinmu kuma suna yin aikin hannu da a nan sai mai kuɗi ke iya biya. Abin da zai ba ka wahala huɗu ne. Najeriya tana da ƙa'idar shekaru kan shigo da tsofaffin motoci, don haka ka zauna da ejan na kwastan mai lasisi ka ji matsayin irin wannan mota kafin ka biya kuɗin jirgi, ba bayan ta sauka Legas ba. Kusoshinta na inci ne, ba milimita ba, sai ka haɗa da akwatin sifanunta, in ba haka ba za a cinye kawunansu da sifanan da ba nasu ba. Kayanta ba za ka same su a Ƙofar Ruwa ba, komai sai an aiko, wanda ya ƙara nauyin shawarar Cadillac a kan sauran biyun. Na ƙarshe shi ne fetur: gidajen man gida galibi iri ɗaya suke sayarwa, babu mai ƙarfin da injin 1970 yake so, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 cika tanki mai cin kusan lita 100 ba wasa ba ne. In da gaske niyyarka motar ta ƙare a Kano, to ka nemi DeVille ta 1971 ko 1972, wadda aka rage wa matsi don ta sha mai na gama-gari, ko ta 1977 zuwa 1979 da ta fi gajarta, ba za ta riƙa dukan ƙasa da gindi a kan tudun rage gudu ba. Ka sa mata lagireto mai layi huɗu tun a Houston, ka cika but ɗin da fanbel, tiyo, matatun mai, fulogi, kayan kafireto da takalman birki kafin a rufe kwantena.